Galan ɗin Yaya

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Na yi dako a kasuwar Kumasi, na wanke matakalan ofisoshi a Landan cikin sanyin da ke tsaga yatsu, amma ban taɓa yin aikin da ya ci mini jiki da rai kamar kwana goman da aka ce wai yawon buɗe ido muka je Amurka ba. Har yau idan wani ya ce mini, "Kai ai ka more, ka ga duniya," sai in ji kamar in tashi in bar masa wurin.

A lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina aiki a gidan wani likita ɗan Kano a Marylebone. Mahaifinsa nake kula da shi. Alhaji tsoho ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka kawo shi Landan magani, magani ya ƙi ƙarewa, ya zauna. Ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka da alwala, ni ke tura kekensa. Magana ba ta fita daga bakinsa sai da ƙyar, amma hankalinsa garau yake, babu abin da ke wuce shi. Mun saba. A gidan ana kirana Malam, duk da karatuna bai wuce na allo da aji uku na firamare ba.

Wata rana Likita ya ce yana da taron likitoci a Amurka, in an gama zai kai matarsa da mahaifinsa wani gandun daji su sha iska, ni kuma zan bi su saboda Alhaji. Shi ya yi mini takardun tafiya. Ya nuna mini hoto a wata takarda mai ƙyalli: ruwa fari fat ya tashi sama kamar bishiyar rimi, mutane ƙanana a gindinsa.

Ya ce, "Ruwan zafi ne, Malam. Daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, babu wuta babu itace."

Da na yi shiru da bakina da ba a yi haka ba. Amma ran Lahadi na je unguwar Deptford gaida Yaya, kamar kullum, na kwashe labari na ba ta.

Yaya ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu a zangon Kumasi. Ita ta kawo ni Landan, a ɗakinta na kwana shekarata ta farko. Shekara ashirin tana durƙuso tana goge benaye na mutanen da ba su taɓa sanin fuskarta ba, har gwiwoyinta suka ƙare. Suka kumbura kamar ƙwarya. Council, hukumar da ke raba gidaje, kuma suka ga babu inda ya dace da mai ciwon gwiwa sai flat a hawa na bakwai, inda lift ke aiki ran da ya ga dama. Asibiti sun ba ta ƙwayoyi, sun ce ta jira layin tiyata. Tana jira. Sallah ma a kan kujera take yi, abin da ya fi ciwon kansa ƙona mata rai.

Ranar akwai baƙuwa a wurinta, wata ƙawarta 'yar Bauchi. Ina rufe baki matar ta dafa ƙirji.

"Ruwan zafi daga ƙasa? Ai irin na Wikki ne, na wajenmu a Yankari! Mijin ƙanwata da sanda ya shiga, da ƙafafunsa ya fito. To ina ga na Amurka?"

Yaya ta dafa bango ta shiga ɗaki, na ji tana jan kaya a ƙarƙashin gado. Ta fito da wani farin galan da aka ɗinke wa rigar buhu. Na san shi. Shi ta zo da zamzam a ciki shekarar da ta sauke farali.

Ta ce, "Tun da ya dawo daga Makka ban zuba masa komai ba. Ka cika mini shi."

Na ce, "Yaya, ban san yadda wurin yake ba fa."

"Wuri mai ruwa ne ko?"

"Haka aka ce."

"Kai kuma mai hannu ne. Tun kana guntu nake aikenka famfon zango da bokiti. Yanzu da furfura a gemu za ka ce mini ba ka iya ɗibar ruwa ba?"

Na ce in sha Allahu.

Ta ce, "Ban son in sha Allahun teloli. Ka ce za ka kawo."

Na ce zan kawo. A duk zamana da ita, wannan ne abu na farko da ta taɓa roƙona.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci har gobe. Ran tafiya muna loda kaya a mota, Likita ya ga galan a hannuna. Ya ce, "Malam, wannan fa?" Na gaya masa komai, gwiwar Yaya, Wikki, alkawarin da na yi. Ya dubi matarsa. Ita ta ja mayafi ta rufe baki. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Shi ke nan abin da ya faɗa. Mutumin da ya karanta takardar wurin daga bango zuwa bango, wanda ya san jikin ɗan Adam ciki da waje. Magana ɗaya ce a bakin ƙofar gidansa: Malam, ba a ɗiba, kuma ba magani ba ne. Da na ajiye galan a nan, na koma wurin Yaya na ce Likita ya ce kaza, ta yi fushin kwana biyu ta huce. Ya ƙi faɗa.

Ba zan ɓata lokaci a kan jirgi da taron likitoci ba. Kwana huɗu ina ɗakin otal da Alhaji muna kallon bango. Daga nan aka sake wani jirgin, aka yi hayar wata doguwar mota, muka yi ta tafiya cikin ƙasar da babu gari babu gona, har muka shiga gandun.

Su suka yi yawon buɗe ido. Ni ga abin da na yi. Mota ta tsaya, in fita, in buɗe baya, in sauke keke, in ware shi, in rungumi Alhaji in ɗaga, in zaunar, in gyara masa hula da bargo, in tura shi inda Likita ya nuna. A ɗauki hoto. In komo, in ɗaga, in zaunar, in naɗe keke, in loda. Kafin gumi ya bushe mini matar Likita ta ce, "Tsaya, tsaya, ga wani abu can!" A sake daga farko. Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne, ƙashi ne da shi. Tun ranar farko bayana ya riƙe. Yawancin gandun nan ta saman hular Alhaji na gan shi, kuma har yanzu zan iya zana maka ɗinkin hular nan.

Dabbobi kuwa akwai su. Akwai wata irin ɓauna mai gemu da gashi kamar an yafa mata tsohon bargo, kanta ya kai turmi. Sai ta fito ta tsaya a tsakiyar titi, motoci su yi layi har inda ido ya ƙare, babu mai hon. Turawa su leƙo ta taga suna raɗa kamar an shiga gidan makoki. A wajenmu dabba irin wannan in ta tare hanya, ko dai a gudu ko a nemo wuƙa. Ni kakana mahauci ne. Na dubi bayanta na sunkuya kunnen Alhaji na ce, "Alhaji, ka ga tozo?" Ya yi dariya da rabin bakinsa har hawaye ya zubo, na share masa.

Matar Likita ta juyo daga gaba, kyamarar bidiyo a kafaɗa, ta ce, "Malam, don Allah rage murya, kana shiga mini cikin ɗauka."

Akwai barewa masu girman doki, da ƙaho kamar rassan itace, suna kiwo a gaban otal babu mai ce musu kanzil. Akwai kuma wata dabba da suke kira beya, ita kowa ke nema. Rana ta biyu aka ce an gan ta. Motoci suka tsaya ko'ina, mutane suka yi ta gudu da madubin hangen nesa, Likita da matarsa a cikinsu. A daidai lokacin Alhaji ya matsa mini hannu, alamar yana son kewayawa. Na kai shi bayan mota, na kare shi da bargo, na yi abin da ya kamata. Suka dawo suna haki, wai sun ga wani baƙin ɗigo a gefen dutse yana motsi. Babu wanda ya ce, Malam, ungo madubi ka duba. Da na dawo Landan in an tambaye ni ko na ga beya, cewa nake na ga fo.

Ba zan yi ƙarya a kan babban ruwan ba. An jera benci, mutane sun zauna suna duba agogo kamar masu jiran jirgin ƙasa, don wai an san lokacin tashinsa. Gabanmu wani tudu ne fari yana hayaƙi, babu wani abin kallo. Har na fara cewa a raina an yaudari mutane. Sai ya yi tari sau biyu, sai ya tashi. Ya yi ta hawa, yana hawa, da ƙara kamar tirela goma, iska ta kwaso tururin ta watsa mana a fuska. Alhaji ya damƙi wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, na ji yana ƙoƙarin cewa subhanallah. Na ƙarasa masa. Turawa suka yi tafi. Wa suke wa tafin, ban sani ba.

Amma ko a lokacin, rabin hankalina yana kan galan da ke bayan mota. Tsakaninmu da ruwan akwai fili mai faɗi, ga ma'aikata masu faffaɗar hula suna tsaye. Babu famfo, babu kwata, babu inda na ga wani yana ɗiba. Na ce wataƙila maɗibar tana wani gefen.

Da safe ranar ƙarshe muna karyawa na ce, "Likita, ina ne ake ɗibar ruwan nan?"

Yana shafa wa burodi man shanu, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Za mu gani, Malam."

Sau biyu ke nan.

Ranar aka kai mu wurin tafkuna. An shimfiɗa doguwar gadar katako a kan fili, a kanta ake tafiya. Hagu da dama ramuka ne cike da ruwa, wani shuɗi kamar an jiƙa bula, bakinsa rawaya da ja, garai-garai har kana ganin can ƙasa. Wani kuma laka ce take tafasa tana ɓal-ɓal kamar talge. Ga wari. Warin baragurbi, irin wanda ke shiga tufa ya zauna. Na ce a raina, to, magani ai dama ba ya ƙamshi. Akwai alluna ko'ina da rubutu, da hoton mutum yana faɗawa rami. Turancina na baki ne, karatu sai na tsaya ina haɗa baƙi. Abin da na fahimta shi ne kada a sauka daga gada. Ni kuwa ba sauka zan yi ba. Wanda ya tashi a gidan da ke da rijiya ba ya bukatar shiga ruwa kafin ya ɗiba.

Na riga na shirya. Igiyar da nake shanya wandunan Alhaji a otal tana aljihuna. Butar alwalarsa tana rataye a bayan keke, galan yana ƙarƙashin kujera cikin jaka. Galan bakinsa ƙarami ne, ba zai nutse ba, don haka buta ce gugata. Na ɗaura mata igiyar, na jefa mata dutse a ciki don ta yi nauyi. Na bari Likita da matarsa suka yi gaba, na ja wa keke birki, na ce, "Alhaji, minti ɗaya." Ya bi ni da ido. Na matsa kamar taku goma inda wani tafki ya fi kusa da gada, na yi bismillah, na wurga.

Buta ba ta kai tsakiya ba, ta faɗi a gefe, a kan abin da na ɗauka ƙasa ce. Sai wurin ya fashe. Ashe ƙanzo ne kawai a sama, ƙarƙashinsa ruwa ne yana tafasa. Da ƙafata ce na sa, da yanzu wani ke ba da labarin nan. Na jawo igiya, buta ta zo tana tururi, gefenta ya lotsa, abin da ke ciki bai cika cokali uku ba, shi ma ya zube a kan katako.

Na ji ana ihu. Wata ma'aikaciya mai faffaɗar hula ta zo a guje, ta karɓe igiyar daga hannuna. Duk kyamarorin da ke kallon tafki suka juyo kaina. Ta yi faɗa, kuma tana da gaskiya. Ta ce doka ta hana, ana kai mutum kotu a kan haka, ta ce ruwan yana saluɓe fata, mutane sun mutu a nan. Sannan ta tsaya ta tambaye ni dalili. Ita kaɗai a tafiyar nan ta tambaye ni dalilin wani abu. Na ce mata da Turancina, don gwiwar yayata ne. Sai ta sassauta murya. Ta ce ba magani ba ne, ko ya huce bai kamata a shafa ba, balle a sha. Ta ce in yi haƙuri. Wannan matar da ba ta san ni ba, cikin minti ɗaya ta gaya mini abin da na tambayi Likita sau biyu.

Sai ga Likitan ya iso yana gyara tabarau. Ya yi mata Turanci mai santsi, irin na asibiti. Ya manta shekarata goma sha biyar a Landan, ina jin kowace kalma. Ya ce mata ni boyinsu ne, daga ƙauye aka ɗauko ni, ban san komai ba, ta yi haƙuri. Boyi. Na girme shi da shekara goma. Hannun nan nawa su ke wanke ubansa. Kumasi kuma in ƙauye ce, ban san abin da ake kira birni ba.

Matar ta rubuta wani abu a littafinta, ta ja mini kunne, ta tafi da igiyata. Likita ya juyo da Hausa.

"Ka kunyata mu, Malam. Ka bar mahaifina shi kaɗai a kan gada, kana wasa da buta."

Na ce, "Na ja birki." Na san a nan ina da laifi, bai kamata in matsa daga gare shi ba. Amma abin ya riga ya taso mini. Na ce, "Likita, ka sani tun Landan?"

"Na san me?"

"Cewa ba a ɗiba."

"Haba, ai kowa ya san wannan."

"Ni ban sani ba. Na gaya maka a ƙofar gidanka, na tambaye ka yau da safe."

Ya ce, "Na ɗauka wasa kake yi."

Na ce, "Da gwiwar yayata?"

Na waiga, matarsa tana tsaye bayansa, kyamara a kafaɗa, jar fitilar tana kunne. Ban san a falon wa da wa aka nuna ni ana shan shayi ba. Na ɗauki butar da ta lotsa, na kwance birki, na tura Alhaji har mota.

Washegari da hantsi za mu kama hanyar filin jirgi. Na gama haɗa kaya, saura galan a kan gado, wayam. Na zauna ina kallonsa. Ina ganin Yaya tana jan ƙafa ta buɗe mini ƙofa, ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Na tashi na shiga banɗaki, na sa bakinsa a famfon wanka, na buɗe. Galan da ya ɗauko zamzam. Yana cika na juyo, ashe na bar ƙofa a buɗe, Alhaji yana kan kekensa yana kallona. Ya yi ta kokawa da bakinsa har kalma ɗaya ta fito.

"Malam."

Ban amsa ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya jawo hula ta rufe masa ido. Na ɗaure bakin galan da leda, na riƙe shi tsakanin ƙafafuna a jirgi har Landan. Ruwan famfo na tsallaka teku da shi, kamar a Deptford babu famfo.

Ran Asabar da la'asar na sauka a jirgin ƙasa, na ratsa kasuwa, masu doya da busasshen kifi suna ta kwashe kaya. Lift ya mutu, kamar yadda na zata. Na hau bakwai ɗin nan da galan a kafaɗa, bayana yana kuka. Niyyata in miƙa mata in ce na gaji, in gudu. Ina isa na ga takalma a bakin ƙofa, na mata, sun cika wurin har kan matakala.

Yaya ta gaya wa matan masallaci. Ta dafa wake da shinkafa irin namu, ta soya kifi, ta sa atamfar da take sawa ran suna. Ina shiga wata ta rangaɗa guɗa. Kowace da kwalbarta a jaka: ta lemo, ta man shafawa, wata ma bulumbotin jikarta ta wanko. Mata ne irin Yaya, masu shara da wanke-wanke da dafa abincin biki, kowace da inda Landan ta cinye mata, wannan baya, wannan kafaɗa, wannan ƙafa. 'Yar Bauchin nan ita ta zama mai rabo, tana aunawa da murfi kada a zubar.

Yaya tana zaune a tsakiya tana cewa, "Ƙanena ne. Ni na goya shi. Na ce masa kawo, ya kawo."

Suka yi ta sa mini albarka. Allah ya ba ka masu yi maka. Allah ya raba ka da ciwon gwiwa. Kowace addu'a sai na ji ta kamar mari. Suka ce in ba su labari, ni kuma don kada in yi shiru a gane, na saki baki. Na ba su na ɓauna mai gemu, na ruwan da ake jira da agogo, na lakar da ke tafasa. Na ce wurin wari yake kamar baragurbi, har yanzu yana jikin rigata. Suka yi ta dariya suna toshe hanci.

Yaya ta jawo galan, ta kai hancinta bakinsa. Ta daɗe. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta tsiyaya kaɗan a tafin hannu, ta yi bismillah, ta shafa a gwiwa.

Sai wata tsohuwa da ke zaune a unguwar Abbey Wood, mai hawan jini, ta ɗaga kwalbarta ta ce, "Ni dai daga yau na huta da ƙwayoyin asibiti. Cokali ɗaya safe, ɗaya yamma."

Na ce, "Hajiya, a dai ci gaba da shan ƙwayar."

Ta ce, "Kai tafi can, ka fara magana irin ta ubangidanka."

Na ture kwanon abincina. Na ce gajiya ce, na sa takalmi na sauka. A jirgi ina ta zagin Likita a raina, tasha bayan tasha, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Amma shi shiru ya yi. Famfon, ni na buɗe shi da hannuna.

Washegari da safe ƙarfe bakwai ya kamata in kasance a Marylebone in yi wa Alhaji wanka. Na shiga akwatin waya na bakin titi na kira gidan. Matar Likita ta ɗauka. Na ce yau ba zan zo ba sai yamma.

Ta ce, "To wa zai yi wa Baba wanka?"

Na ce, "Ɗansa likita ne, ya san jikin mutum. Ki ce wa Alhaji na ji kiran da ya yi mini." Na ajiye.

Na sake hawa bakwai ɗin nan. Yaya tana kan kujerar sallarta da carbi, galan a gefenta, saura kamar kwata. Ban zauna ba. Na ce, "Yaya, ruwan famfon otal ne. Na can ba a ɗiba, kuma ba magani ba ne. Na gwada, aka kama ni."

Ta ja carbi uku kafin ta yi magana.

"Ka cika mana ɗaki da labarin wari, ruwa kuma ko ƙamshin kwano babu. Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba, sai yawan surutu."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"A gaban baƙi? In ce ƙanen da na gama yabo ɓarawon albarka ne?" Ta tura galan da ƙafa. "Da ka kawo mini shi wayam da na yi kuka na share. Amma ruwan famfo a galan ɗin zamzam, don Allah."

Na tsaya ina kallon galan.

Ta ce, "Tsayuwar me kake yi? Juye sauran a butar shayi ka ɗora. Ruwan da ya hau jirgin sama ba za a zubar ba."

Na ɗora, ya tafasa, na sirka a roba, na ɗauko tawul. Na durƙusa gabanta na yi ta gasa mata gwiwoyin nan, dama da hagu, har ruwan ya huce. Tana cije leɓe tana lissafa mini gidajen matan ɗaya bayan ɗaya, wace a wane bene, wace a bayan wane shago. Ta ce ba ita za ta gaya musu ba, bakin da ya karɓi addu'a shi zai je ya mayar.

Na wanke galan, na kife shi a kan taga ya bushe. Na sauka, na shiga jirgin Abbey Wood, don da mai hawan jinin nan zan fara kafin ta sha cokalin yamma.